Yaushe ake fara ɗaure kaya idan tashi daga gida ya gabato?

Da zarar magidanci ya tabbata cewa zai bar gidan da yake ciki, ko don ya kammala ginin nasa, ko don wa'adin haya ya ƙare, ko kuwa don an yi masa canjin wurin aiki, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne mota da kuɗin 'yan dako. Uwargida kuwa, wadda ta san abin da ke ƙarƙashin gado da abin da ke saman kabad, tambayarta daban ce: yaushe za a fara ɗaure kaya? Ita ce ta yi tambayar da ta fi muhimmanci, domin mota ana iya samunta cikin yini guda, amma kayan da aka yi shekara da shekaru ana tarawa ba sa ɗauruwa a dare ɗaya, kuma an riga an faɗa mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Amsar a taƙaice ita ce, iyalin da ke zaune a gida mai ɗaki 3 ko 4, waɗanda suka yi shekara 5 ko fiye a cikinsa, suna bukatar kimanin mako 6. Ma'auratan da ba su daɗe da aure ba, masu ɗaki da falo, mako 3 ya ishe su, gwauro ko ɗalibi kuwa yana iya gamawa cikin kwana 4 ko 5. Idan gidan na mata biyu ne ko fiye, ko akwai tsofaffi a ciki, ko kuma tashin zuwa wani gari ne mai nisa, sai a ƙara mako 2 a kai. Yawan shekarun da aka yi a gida ya fi yawan ɗakunansa tasiri a wannan lissafi, saboda zama ne ke tara kaya, ba faɗin gida ba. Sai dai waɗannan makonni ba gaba ake ƙirga su ba, baya ake komawa da su, daga ranar da mota za ta tsaya a ƙofar gida, don haka aikin farko shi ne tsayar da wannan rana.

Ba a cewa rana ta tsayu sai makullin sabon gida ya shiga aljihu, kuma mutum ya je da ƙafarsa ya duba ɗaki-ɗaki, ya murɗa famfo, ya kunna wuta, ya leƙa banɗaki, ya ɗaga kai ya dubi silin ko akwai tabon yoyo. Maganar dillali cewa mai gida zai kawo makulli ranar Litinin ba rana ba ce, haka ma alkawarin magini ko mai fenti cewa saura kwana 3 su gama. Ni dai sai da na ji a jikina na gane haka. A wata damina muka ɗaure kusan komai bisa alkawarin cewa wanda ke cikin gidan da muka kama zai fita a ƙarshen wata, har muka kwance gadaje muka koma kwana a kan katifa a ƙasa, amma bawan Allahn nan bai fita ba sai bayan mako 3. A cikin waɗannan makonni an kwance kwalin kwanuka an sake ɗaure shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yara suka rasa inda aka cusa rigunansu na Islamiyya, kuma ranar da muka zo ɗaga kwalayen littattafai da muka jera a jikin bango a kan daɓen siminti, sai gindin biyu daga cikinsu ya zazzage, ashe danshi ya jiƙa su, gara kuma ta yi gini a ciki. Tun daga ranar na san cewa riga malam masallaci a ɗaurin kaya shi ma kuskure ne, kamar yadda makara take kuskure. Kafin makulli ya zo hannu, abin da ya halatta a ɗaure shi ne wanda za a iya yin wata 3 ba a neme shi ba.

Mai zaman haya yana da rana ta biyu da zai lura da ita, wato ranar da zai mayar da makullin tsohon gida. A Abuja da jihohi da dama na Najeriya, idan ba a rubuta wani wa'adi daban a yarjejeniya ba, doka ta ba mai biyan haya shekara-shekara haƙƙin sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, mai biya duk wata 3 yana da wata 3, mai biya wata-wata kuma yana da wata 1. Idan kuwa takardar yarjejeniya ta faɗi ranar ƙarewar haya ƙarara, to wannan rana ita ce abin dogaro, don haka a ɗauko takardar a karanta ta tun kafin a fara neman kwali. Abin da ya fi sauƙaƙa tashi shi ne a samu aƙalla mako guda cur da makullan gidajen biyu suke hannu, domin a wannan mako ne ake share sabon gida, a kai kayan fashewa a hankali, kuma idan mota ta saɓa alkawari ba a kwana a waje ba. Wanda ya je wa mai gidan hayarsa tun da sauran wata guda ya ce, "Alhaji, a yi mana alfarmar mako ɗaya bayan wa'adi," sau da yawa yakan samu, saɓanin wanda ya bari sai ana gobe wa'adi zai cika.

Idan mutum yana da zaɓi a kan rana, to ya dubi sama, ya dubi kalandar makaranta, ya kuma dubi watan Musulunci. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi ruwa ya fi ƙarfi daga Yuli zuwa farkon Satumba, Agusta kuwa ita ce tsakiyar damina, yayin da a Kaduna da Jos ruwan kan riga haka sauka kuma ya kai Oktoba. Damina lokaci ne mai kyau na duba gida, domin a nan ake ganin rufin da ke yoyo da layin da ke cika da ruwa, amma ba lokaci ne mai kyau na kwashe kaya ba. Wanda tashi ya kama shi a cikinta ya tanadi tamfol da manyan ledoji na naɗe katifa, kuma ya sa a fara lodi da sassafe, tunda hadari ya fi haɗuwa da yamma. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, rana ce abokiyar gaba, sai a fara bayan sallar Asuba a gama kafin Azahar. Azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11, saboda haka kada a dogara da lissafin bara. Kwashe kaya da baki a rufe wahala ce ga 'yan dako da masu gida baki ɗaya, ga shi kuma a watan ne kicin ya fi kowane lokaci aiki, don haka ba ya ɗauruwa; gara a jira a sha ruwa, a yi Sallah, a ƙara mako guda.

Ta fuskar yara kuwa, babban hutu yana farawa ne a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, wanda ya faɗo daidai tsakiyar ruwa, shi ya sa a ganina hutun Disamba ya fi kowane lokaci dacewa: babu ruwa, babu zafi, yara suna gida, ƙurar hunturu ce kawai matsala, ita kuwa zani da leda sun ishe ta. Gidan da ke da ɗalibin da zai rubuta WAEC a Mayu da Yuni, ko NECO a Yuni da Yuli, ya yi haƙuri har ya ajiye alƙalami idan da hali. A cikin mako ma akwai ranakun kaucewa. Ranar Juma'a ana rufe hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai tun kafin Azahar, direba da yaransa ma za su tafi masallaci, kuma a Kano safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga, ga shi kuwa ƙarshen wata ne mafi yawan masu haya ke tashi.

To, rana ta tsayu. A mako na 6 kafin tashi, ba a ɗaure komai tukuna, tantancewa ake yi. A fara da sito, da saman kabad, da ƙarƙashin gado, da lungun bayan ɗaki inda ake jefa abin da aka ce wata rana za a gyara. A nan ne za a tarar da fankar da ta ƙone shekara 4 da suka wuce, da risho marar lagwani, da keken yaron da yanzu ya shiga sakandare, da takalma wari-wari. Duk abin da aka ɗauka sai an biya kuɗin ɗora shi da kuɗin sauke shi, sannan ya je ya tare wuri a sabon gida, don haka ƙarafa a kira 'yan gwangwan su auna su saya, tufafin da suka yi wa yara kaɗan a bayar tun suna da sauran amfani, abin da ya mutu kuma a raka shi bola. Takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, kamar tsofaffin littattafan Islamiyya da suka yayyage, a ware su daban a ƙone su a wuri mai tsabta ko a binne, kada su bi shara. Kayan amana da wani ɗan'uwa ya ajiye ya yi tafiya, yanzu ne lokacin kiransa, ba ranar da mota ta zo ba. Kuma ina jan kunnen maigida da kada ya yanke wa kayan uwargida hukunci a bayan idonta, domin kwanon da yake gani ya tsufa yana iya zama na jeren mahaifiyarta ne.

A wannan makon ne kuma ake fara tara kwalaye, saboda ba sa samuwa a rana ɗaya. A yi wa mai shagon unguwa magana ya riƙa ajiye na taliya da na madara da na biskit, a guji waɗanda aka zubo maganin sauro ko garin sabulu a ciki idan kayan abinci za a sa, kuma kowane kwali a buɗe gindinsa a karkaɗe shi a rana kafin ya shigo ɗaki, don kada a yi wa kyankyasai rakiya zuwa sabon gida. Ƙananan kwalaye su ne na kaya masu nauyi, manya kuma na marasa nauyi. Wanda ya cika babban kwali da littattafai zai ga ƙarti biyu sun kasa ɗaga shi. A haɗa da buhuna, da manyan jakunkunan leda masu zif, da igiya, da salatif mai faɗi, da tsofaffin jaridu da zannuwan da suka ƙoshi.

Daga mako na 5 zuwa na 4 ake fara ɗauri na gaskiya, kuma ma'aunin abu ɗaya ne: yaushe rabon da a yi amfani da wannan abu? Wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba shi ne kan gaba. A gidan Bahaushe wannan yana nufin kayan jere, wato kwalla da samira da tangaran da kofunan gilas da ke cikin kabad, waɗanda ba a sauke su sai ranar suna ko ranar Sallah. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne aka fi raina shi. Kayan da mata 10 suka yini suna jerawa lokacin biki, ba zai yiwu mace ɗaya ta kwashe su a yammaci guda ba, saboda haka uwargida ta sa rana ta kira ƙannenta ko ƙawayenta biyu su taya ta. Kowane farantin tangaran a naɗe shi shi kaɗai, a jera su a tsaye bisa gefensu maimakon a kife wani kan wani, domin a tsaye sun fi jure girgizar hanya. Kofi a cusa masa takarda a ciki kafin a naɗe bayansa. Kwalla ana iya sa ƙarama a cikin babba, amma da tsumma a tsakaninsu, in ba haka ba fentinsu zai ɓantare a wuraren da suka gogi juna, kuma kwallar da ta ɓantare ta bar jere ke nan. Bayan an cika kwali a girgiza shi kaɗan. Idan an ji ƙara, to akwai sauran gurbi da za a cushe da tsumma. Kwalaben turare da humra kuwa a ɗaure bakin kowace da leda, a ajiye su a roba mai murfi, kada su haɗu da tufafi, don kwalba ɗaya idan ta tsiyaye ta ishi akwatin shadda.

Bayan kayan jere sai tufafin da ba lokacinsu ba ne, kamar barguna da rigunan sanyi idan ana zafi, da manyan riguna da leshi da atamfofin da ba a ɗinka ba, a sa musu kafur a rufe. Sai littattafai da hotunan bango da kayan ado na falo. Alƙur'anai da littattafan addini a ba su kwalinsu daban, a rubuta a jiki don kada a ɗora wani abu a kai ko wani ya zauna. Rubutun nan kuwa a gefen kwali ake yinsa, ba a samansa ba, domin da zarar an ɗora wani a kai saman ya ɓace. A rubuta ɗakin da zai shiga da abin da ke ciki, a ba shi lamba, a kuma shigar da lambar a wani ƙaramin littafi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace ta ɗaure nata da hannunta kuma ta yi wa kayanta alama ta daban, ko da ƙyallen atamfa ne a ɗaure a igiya, saboda cuɗewar kaya ranar tashi ta sha haddasa maganar da ta fi tashin kansa daɗewa. Duk kwalin da aka gama a ɗora shi a kan benci ko katako, nesa da bango, a ɗaki guda da aka ware.

Mako na 3 na mutane ne. A nemi kafinta ya zo ya ga gadaje da wadirob, a sa masa rana, wadda ta fi dacewa ta zama ana jibi tashi. Kayan katakon zamani da ake matsewa daga garin katako ba sa son yawan kwancewa, don haka a tambaye shi wanda zai iya fita a haɗe, a kuma auna ƙofofi da matakalar sabon gida kafin a yanke shawara. Notikan kowane gado a zuba su a leda a manne a jikin allonsa. A nemi mai gyaran wuta saboda fankoki da sola da batura, da mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda zai mayar da gas ɗinta cikin injin waje kafin ya cire bututu, domin idan aka cire haka kawai gas ɗin zai tsere, sai an sake sayen wani. Direba kuma kada a yi ciniki da shi ta waya. A kira shi ya zo ya ga kaya da idonsa, domin wanda aka gaya wa cewa 'yan kaya ne kaɗan, shi ne zai tsaya a tsakar gida ranar tashi ya riƙe ƙugu ya ce, "Alhaji, wannan ai sahu biyu ne, ba ɗaya ba," kuma a lokacin ba ka da bakin musu. A nuna masa lungun da zai shiga a can ma, don idan motar kanta ko akori-kura ba za ta kai ƙofa ba, a tanadi kurkura ko amalanke tun da wuri. A yanke kuɗi a fili, da lodi da saukewa da hawa bene, a ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran sai kaya sun sauka.

Daga wannan mako ne kuma ake daina sayen abinci da yawa. Buhun shinkafa da jarkar manja da aka saba saye a farkon wata a dakata da su, a ci abin da ke sito, a rage abin da ke firiza, naman da ya rage a soye shi. Manja da man gyaɗa su ne suka fi ɓata kaya a mota, gara a iso ranar tashi da ɗan abin da bai wuce kwalba ba. Idan lokacin kaka ne kuma ana son sayen gero ko masara na shekara, a sa a kai su sabon gida kai tsaye bayan an tare.

Mako na 2 na sauke nauyin da ke tsakanin mutum da unguwa ne. A biya mai shago da mai ruwa da mai wanki, a daidaita da uwar adashi yadda zubi zai ci gaba, a mayar da turmi da rariya da tsani da babbar tukunyar da aka aro tun bikin bara, a kuma karɓo abin da aka ba da aro. A je makarantar yara, ta boko da ta Islamiyya, a sanar da su, a nemi takardar canjin makaranta idan za a sauya. Mai juna biyu ta adana katinta na awo, mai goyo kuma katin rigakafin ɗanta, ta kuma san asibitin da ya fi kusa da inda za a koma. Batun wuta yana bukatar kulawa ta musamman, ko KEDCO ce ke ba unguwar wuta ko Kaduna Electric ko NIGELEC a Nijar: a biya na tsohon gida a riƙe rasit, a kuma bincika ko akwai tsohon bashi a kan mitar sabon gida tun kafin a tare, a yi maganarsa da mai gidan. Sallama da maƙwabta ma a wannan mako ta fi kyau, lokacin da akwai sukunin zama a gaisa. Uwargida ta shiga gida-gida ta ce, "Hajiya, sallama muka zo yi, Allah ya nufa za mu tashi ranar Lahadi, abin da muka yi muku a yafe mana," maigida kuma ya yi tasa a masallaci, sannan ya je ya gabatar da kansa ga mai unguwar inda zai koma.

A daidai wannan lokaci ne ake gyara sabon gida yana fanko. A share, a wanke, a yi feshin ƙwari a rufe shi kwana 2 sannan a buɗe tagogi ya sha iska, a gyara ragar sauro, a sauya makullan ƙofar waje, tunda ba a san hannu nawa tsofaffin suka bi ba. Idan za a yi fenti, a yi shi yanzu don warinsa ya fita kafin yara su kwana a ciki. Labule ma gara a rataye shi kafin ranar tashi, domin iyali su sauka cikin sutura.

Idan mako na ƙarshe ya kama, kowa a gidan ya ware kayan sawa na kwana 7 a jaka guda, sauran duka a ɗaure. Kicin a rage shi zuwa tukunya 2, da faranti da kofi ɗaya-ɗaya ga kowane mutum, da wuƙa da ludayi da muciya. Wanki na ƙarshe a yi shi ana saura kwana 3 don ya bushe sarai, saboda tufa mai danshi idan ta kwana 2 a leda fumfuna za ta kama ta, ta kuma shafa wa na kusa da ita. Firji da firiza a kashe su ana gobe tashi, a bar ƙofarsu a buɗe ƙanƙara ta narke, a goge su. A mota a tsaye ake ɗaukarsu, kuma idan an sauke a bar su su huta wasu awanni kafin a kunna, domin man injinsu ya koma mazauninsa. Janareta a juye man da ke cikinsa, tukunyar gas a rufe ta a cire mata tiyo a ɗauke ta a tsaye, nesa da batura da jarkar fetur. Randa da tulu a zubar da ruwansu a kife su su bushe, kuma su ba kayan bayan mota ba ne, a riƙe su a hannu ko a zaunar da su a cikin tsohuwar taya.

Masu kiwo suna da nasu lissafin. Kaji da dare ake kama su, bayan sun shiga akurki, domin wanda ya bari gari ya waye zai yini yana tsere da zakara a layi. Tumaki da awaki a kafa musu turke a tanadi dusa da ruwa a can kafin su iso, kuma a kai su a sahu na daban. Tattabaru kuwa sun san hanyar gida fiye da mai su, sai an kulle su a sabon ɗakinsu na wasu makonni ana ba su abinci a ciki, in ba haka ba ranar da aka sake su a tsohon gida za su kwana.

Akwai wanda duk wannan tsari ba zai samu ba, kamar ma'aikacin da aka ba kwana 7 ya koma wani gari. Shi sai ya bar tantancewa, tunda ita ce mai cin lokaci, ya ɗaure komai ɗaki-ɗaki, ya fara da kayan fashewa yana da sauran ƙarfi, ya kira direba da kafinta a rana ta farko, ya tantance bayan ya sauka. Idan da hali ma ya riga iyali tafiya da jakarsa, su biyo shi bayan wata guda.

Daren ƙarshe na jakar hannu ne, wadda ba za ta hau bayan mota ba ko kaɗan. A cikinta ake sa takardun gida da na fili da na makaranta, da takardun haihuwa da katunan shaida, da kuɗi da gwal ɗin uwargida, da magungunan da wani ke sha kullum. A wata jakar kuma a haɗa abin da daren farko zai nema: buta da dadduma, da sabulu, da tocila da ashana, da ƙwan fitila 2 ko 3, da cajar waya, da gidan sauro, da zannuwan gado, da kayan shayi. Abincin ranar tashi a roƙi wata 'yar'uwa ta dafa a gidanta ta aiko, har da rabon 'yan dako, ƙananan yara kuma a kai su gidan kakarsu tun da safe a ɗauko su da yamma.

Da gari ya waye, manyan kaya ne ke fara hawa, katifu su tsaya a gefe su zama kariya ga madubi da gilas, kwalayen da za a fara nema su hau daga ƙarshe. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida da littafin lambobi yana ƙirga abin da ya fita, wani kuma ya riga mota isa can yana ƙirga abin da ya shiga. Tsintsiya da abin kwashe shara su ne ba a ɗorawa sai mota ta tashi, domin da su za a share ɗakunan bayan an zaga an buɗe kowane kabad na bango an leƙa bayan kowane ƙyaure. Daga nan sai a ɗauki hoton mita da waya, a kira mai gida ko wakilinsa ya zaga ya ga yadda aka bar masa gidansa, a miƙa masa makullai a gaban shaida ɗaya.